Rabin Kilo

Yayana ya yi shekara ashirin da uku yana haɗa fenti a masana'anta ɗaya. Abokan aikinsa Sikeli suke ce masa, don in ya ɗaga bokiti da hannu ya faɗi nauyinsa, ko an ɗora a kan sikelin gaske ba a samun bambanci. Ƙarƙashin farcensa ba ya rabo da shuɗi ko kore. A aji shida ya bar makaranta, shekarar da Baba ya rasu, ya shiga leburanci ya riƙe gidan. Ni ce auta, kuma shi ya tsaya mini har na zama malamar firamare.

Gidan da yake ciki na masana'antar ne, ɗaki biyu. Ɗaya nasa da matarsa da 'ya'yansu, ɗayan na Inna, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun shekara huɗu da suka wuce. Dokar wurin kuwa sananniya ce: duk wanda aka sallama, wata guda ake ba shi ya kwashe kayansa.

Da sababbin masu kamfani suka zo da sababbin injuna, sai suka ce kowane mai haɗa fenti zai rubuta jarrabawar lissafi. Tambaya goma, sai ka ci bakwai. Sau biyu ake ba mutum dama, in ya faɗi duka a sallame shi. Wai mutumin da ya shekara ashirin da uku bai taɓa ɓata ganga ko ɗaya ba, shi za a zaunar a kan benci a gwada. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ranar Asabar ya zo ɗakina da takardar gwaji a ninke cikin aljihu, duk ta jiƙe da gumi.

"Auta, duba mini nan. Wannan gicciyen me yake nema a tsakiyar lambobi?"

"Harafi ne, Yaya. Ekis. Yana tsayawa a madadin lambar da ba a sani ba. Shi ake kira aljabara."

"In ba a san ta ba, ina ruwansu da ita? Su bar ta mana."

Na yi dariya, shi bai yi ba.

Kullum da la'asar nake zuwa gidansa, mu zauna a baranda da allon ɗiyarsa. Makon farko a banza ya tafi, kuma laifina ne. Yadda aka koya mini haka na koya masa: in lamba ta tsallaka alamar daidai, tarawa ta koma ɗebewa. Sai ya ce wa ya ba ta izinin tsallakawa? Na sake bayani, ya sake tambaya. Rana ta biyar na daka masa tsawa, ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi a da. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Malama." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Matarsa ce ta cece mu. Tana wanki a gefe ta ce, "Ke ma dai, mutumin da sikeli ya cinye masa rayuwa, ki yi masa maganar sikeli mana."

Na zana sikeli mai faranti biyu. Na rubuta ekis uku da huɗu a faranti ɗaya, goma sha tara a ɗayan. Na ce, "Yaya, sun yi daidai. Duk abin da ka cire a nan, cire irinsa a can, kada ya karkace."

Ya ƙura wa allon ido. "In cire huɗu nan, in cire huɗu can. Saura goma sha biyar. A raba wa ukun, biyar-biyar." Ya ɗago kai. "Shi ke nan? Wannan ne kike wahalar da ni a kai kwana biyar? Ai aikina ne!"

Daga ranar ko wace na ba shi sai ya warware ta kafin in gama goge allo. Inna daga ɗaki tana jin mu tana sa albarka. Na saki jiki. Abin da ban yi ba shi ne ban taɓa ba shi tambaya mai labari a ciki ba, lambobi zalla muke yi.

Ya rubuta jarrabawar farko, sakamako ya fito: uku cikin goma.

Ban yarda ba. Na ja shi muka tafi ofishin ma'aikata, na roƙi jami'ar wurin har ta ciro takardarsa. Tambayoyi uku na lambobi zalla ne, duk ya ci. Sauran bakwai ɗin, masu jarrabawar sun so su kyautata, sai suka yi su da bokitai. Ɗaya ta ce: bokitin fenti uku da garin launi kilo huɗu sun kai kilo goma sha tara a sikeli, fenti kilo nawa ne a kowane bokiti? Yaya ya rubuta huɗu da rabi. Na bi sauran da yatsa. Kowace amsa ta gaza da rabin kilo, ba ƙari ba ragi.

"Yaya, biyar ne fa! Mun yi irinta a gida!"

"Biyar har da bokiti," in ji shi. "Bokitinmu rabin kilo ne. Fenti suka tambaya."

Na juya kan jami'ar, na ce ta duba da kyau, ai shi ne mai gaskiya. Ta duba, sannan ta ce, "Na gani, 'yar'uwa. Amma amsoshin daga babban ofis suke zuwa a rubuce, ni ba ni da ikon taɓa su. Ya dawo ranar Litinin, ita ce damarsa ta ƙarshe."

Wato kwana shida gare ni in koya wa Yaya ya manta da bokiti. Ya ƙi. Ya ce ranar da ya fara aiki, wanda ya koya masa sai da ya mare shi a kan nauyin bokiti, kuma tun daga ranar bai sake auna fenti ba tare da ya cire shi ba.

"Ki ce in zauna in rubuta abin da na san ƙarya ne?"

"Takarda ce kawai, Yaya!"

"Da sa hannuna a ƙasa."

Ranar Alhamis na tarar matarsa ta fara tara kwalaye a bayan ƙofa, ta lulluɓe su da zane don kada Inna ta gani. Idona ya rufe. Na nuna masa ƙofar ɗakin Inna na ce, "To ka riƙe gaskiyarka. Amma faɗa mini inda za ka kwantar da ita wata mai zuwa. A cikin bokitin?"

Ya ɗauki allon ya shige ɗaki. Na koma gida ina kuka, don na san na soke shi a inda ya fi ciwo, kuma da gangan na yi.

Ranar Litinin na bar ajina a hannun wata malama na tsaya a bakin ƙofar masana'anta tun safe. Wajen azahar ya fito, fuskar nan kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Yaya, ka bar nauyin bokitin a cikin amsoshin?"

"A guda huɗu."

"Huɗu? Sauran ukun fa?"

"Na cire."

Na dafe bango. "Ka kashe mu, Yaya."

"Ke kika koya mini," ya ce. "Uku na lambobi zalla ina da su a hannu. Bakwai ake nema. Uku da ekis, daidai da bakwai. Cire uku nan, cire uku can. Ƙarya huɗu ɗakin Inna yake bukata, huɗu na yi musu. Ba zan ƙara ko ɗaya ba."

"In ka kuskure guda fa?"

"Na auna sau uku, Auta."

Ranar Laraba aka manna sunaye a allon sanarwa. Bakwai cikin goma.

Da yamma na je na taya matarsa mayar da kwalayen zuwa shagon da ta aro su. Yaya na zaune a baranda yana wanke hannu da kananzir. Na ce masa barka, ya girgiza kai.

"Kada ki gaya wa Inna huɗun nan," ya ce. "Ta ɗauka da gaskiya na ci."