Na Kai 'Yar Kawuna Yamai Wajen Likitar Fata

Mun tashi daga Maradi da asuba, wata Lahadi ta ƙarshen damina, ni da 'yar kawuna. Da yawanku kun tambaye ni abin da ya kai ni Yamai alhali ba lokacin sarin kaya ba ne. To ga amsar. Yarinyar nan na kai wajen likitar fata. Shekarunta ashirin da shida, ta gama makarantar horon malamai, an ba ta aji a wata lakwal, makarantar firamare ta ƙauye, saura sati uku a koma karatu, ita kuma ta kafe ba za ta je ba sai an gyara mata fuska. In ranar komawa ta zo ba a gan ta ba, wani za a ba gurbin.

Ƙurajen balaga ne suka yi mata illa tun tana 'yar sha huɗu. Sun lafa, amma sun bar mata ramuka a kumatu da goshi, da baƙin tabo har haɓa. Zamanin korona ta samu takunkumi ta rufe hanci da baki, kowa ya cire nasa ita ba ta cire ba. Malamar 'yan ajin farko kuwa dole yara su ga bakinta. Mun sha ganin hotuna a salula na wata na'ura mai aiki da haske, leza ake ce mata, ga fuska kafin aiki, ga ta bayan aiki sumul. Na ce mata ta haɗa kaya, ni zan kai ta, kwana uku mu dawo da sabuwar fuska.

Muna shiga kar, babbar motar fasinja, na ce, “Tanda, matsa ki ba ni wajen taga.” Ta matsa. Sunan da nake kiranta ke nan, kuma ni na raɗa mata shi. Ni 'yar mace ce, ita 'yar namiji, taubasai muke, duk abin da na faɗa mata wasa ne, ba ta da ikon yin fushi. Shekara goma sha biyu da suka wuce, a wani taron suna, ina suyar masa ta zo wucewa, na ce ku dubi fuskar yarinyar nan, da tandar da ke gabana ta fashe da ba mu rasa abin suya ba. Gida ya ɗauki dariya, ita ma ta yi. Sunan ya zauna.

Hanya ta yi kyau da ido. Hatsi ya fid da kai dama da hagu, tabkuna cike, shanu sun yi ƙiba. A Gidan Rumji masu kilishi suka yanyame tagogi, na sayi ƙulli na jaka guda, yaji ya fi naman yawa. Mun wuce Madawa rana ta fara zafi, a Galmi warin albasa ya shigo mana har cikin mota duk da gilasai a rufe suke. A Konni aka tsaya cin abinci. Na ci shinkafa da miya a rumfa, ita ta ce ba ta jin yunwa. Da muka koma mota na gan ta ta juya wajen kujerar gaba tana ɗaga takunkumin ta ƙasa tana tura biredi kaɗan-kaɗan.

Shingayen jami'an tsaro sun yi yawa yanzu, kowane sai an sauka an nuna katin shaida. Bayan Dogon Dutsi wani jami'i ya dubi hoton katinta ya ce ta sauke takunkumi. Ta sauke, idonta a ƙasa, mutane na layi a bayanta. Ni da bakina da ba ya zama shiru na ce masa kada ya damu, masar ta ƙare, tandar ce ta rage. Ya yi dariya, na baya suka yi, ita ma ta yi 'yar dariyarta ta mayar da takunkumin. Wallahi a lokacin ina ganin sauƙaƙa mata nake yi.

Daga Dosso Zabarmanci ya fara rinjayar Hausa a bakin masu talla. Wajen Kure kowa ya manne da taga yana neman raƙuman dawa, ba mu ga ko ɗaya ba sai jakuna. Mun shiga Yamai bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Taksi ya kai mu Yantala gidan ƙanwar mijina, ta tarbe mu da dambu da kwaɗon zogale, wanda su can suke ce wa kopto. Ita ce ta samo mana randebu, wato lokacin ganin likita, a wata kilinik ta wajen Koira Kano.

Da safe muka tafi. Unguwar manyan gidaje ce masu dogayen katangu, kwalta a babban titi, lunguna kuwa jan laka da ruwan sama ya kwanta. A ɗakin jira mun tarar da mutum takwas ko tara, har da maza biyu, kowa ya sunkuyar da kai kan salularsa. Babu mai kallon fuskar wani. Da aka kira mu na miƙe na ce, “Tanda, taso, mu ne.”

Likitar Bazabarma ce, ba ta wuce sa'ata ba, Hausarta ta kasuwa ce amma tana fita sarai. Ta sa yarinyar ta wanke fuska, ta haska fitila daga gefe, ta daɗe tana dubawa tana jan fatar da yatsa. Sannan ta zauna ta yi mana bayani, kuma ba abin da muka zo ji ba ne. Ta ce tabon ba iri ɗaya ba ne. Baƙaƙen ba ramuka ba ne, launi ne, suna dusashewa da man shafawa da guje wa rana, amma sai an yi watanni. Ramuka masu faɗi leza na rage zurfinsu, haka ma wata na'ura mai ƙananan allurai da ke sa fata ta sake ginuwa. Masu zurfi ƙanana kamar hujin allura haske ba ya kai wa gindinsu, sai a ɗiga musu magani ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda fatar ta manne ta ƙasa kuma sai an saki manewar. Duk wanda aka zaɓa, zuwa ɗaya ba ya isa, ana yi ne ana hutawa makonni ana dawowa.

Na tambaye ta hotunan da muke gani fa. Ta ce fitila da hoda suna aiki a hoto fiye da na'ura. Ta ce leza tana ragewa, ba ta shafewa, kuma a baƙar fata irin tamu tana iya barin baƙin da ya fi na da in an yi gaggawa, shi ya sa sai ta gwada a ɗan wuri kusa da kunne tukuna. Yanzu ma ba za ta taɓa ta ba, don akwai sababbin ƙuraje kuma fatar a ƙone take. Wata uku na magani, sannan a dawo a duba. Mu kuwa sati uku kawai gare mu.

Sai ta juya wajen yarinyar ta tambaye ta me ta riƙa sa wa fuskar, don ƙuraje kaɗai ba sa ƙona fata haka. Yarinyar ta fara lissafi da murya ƙasa-ƙasa. Lemon tsami da kanwa. Toka. Dutsen goge kaushi. Allurar ɗinki da take ƙonawa a wuta ta huda ƙurjin tun bai nuna ba. Ban taɓa sanin ko ɗaya ba. Likita ta tambaye ta kullum take yi ko lokaci-lokaci. Ta ce ba kullum ba, sai ranar da aka yi taron dangi, in ta koma gida.

 Likitar ta dubi takardar da ke gabanta, ta dube ni, ta ce, “Hajiya, na ji kin kira ta da wani suna a waje. A nan wani suna na gani.”

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a kasuwar Maradi ba, sai ga ni na sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake.

Mun karɓi takardar magani, muka biya farmasi. Likita ta ce rana ita ce babbar abokiyar gaba, don haka muka wuce Katako neman laima da malafa. Kasuwar ta cika maƙil, ga katako jibge, ga masu ƙera tukwane da buta, ga amalanke na ture mutane. Na yi ciniki ban san abin da nake faɗa ba. Mai laimar ma ya ga ba ni da kuzari, ya rage mini da kansa.

Da yamma na ja ta muka gangara wajen lambunan bakin kogi. Ruwa ya cika ya yi ja, masu kwalekwale na ta ƙetarawa. Muka zauna a kan wani kututture. Na ce mata ta yafe mini. Ta ce, “Haba Yaya, wasa ne fa. Wa ke neman gafarar wasa?” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce to aikin fa, tunda fuska ba za ta gyaru kafin a koma ba. A nan ta gaya mini abin da ta ɓoye wa kowa. Ta ce ta san leza ba za ta gama cikin sati uku ba, ta yi karatu ai. Tsoronta daban ne. Daraktan lakwal ɗin ƙanen mijin wata gwaggonta ne, kuma ranar da takardar aikinta ta fito ya kira kawuna, wato babanta, tana zaune tana ji, yana tambaya yaushe Tanda za ta iso.

“Yara sittin ne a ajin, Yaya. Sau ɗaya za su ji a bakinsa. Fuskar zan iya tsayawa da ita gaban allo, sunan ne ba zan iya ba.”

A wurin na nemi lambar mutumin na kira shi. Bayan gaisuwa na gaya masa ni na sa sunan, kuma na janye shi, ina roƙonsa don girman Allah kada ya fito daga bakinsa a ƙauyen nan. Ya fara dariya yana cewa ai na taubasai ne. Da ya ji muryata ta karye sai ya daina, ya ce ya ɗauki alkawari. Ita tana gefe tana kallon ruwa, ba ta ce za ta je ba, ba ta ce ba za ta je ba.

Laraba da asuba muka kamo hanyar gida.  A Konni na sayo mana abinci na kawo cikin mota, muka ci tare. Duk tsawon hanyar da sunanta na yanka na kira ta, yana yi mini nauyi a baki kamar na baƙuwa. Mun iso Maradi ana kiran magariba.

Ga mai shirin irin wannan tafiya, abin da na gano shi ne leza gaskiya ce amma ba ta yin abin da hoto ke nunawa. A je wajen likitar fata ta gaske, a shirya zuwa da dawowa, a bar lemon tsami da kanwa a kicin, kuma a yi maganin ƙuraje tun ba su zama rami ba. Abin da ya fi wannan kuwa, dariyar wanda ba shi da ikon yin fushi ba yarda ba ce. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar ta yarda.

Ta tafi ƙauyen ranar da aka koma, da laimarta da magungunanta, za mu sake zuwa Yamai in an yi hutun farko. Ni kuma tun da muka dawo nake bin gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya ina karɓe sunan da na raba. Jiya na je gidan ƙanena na yi wa matarsa bayani. Shekararta shida a cikinmu, tare suke zuwa biki da yarinyar, yarinyar ce ma ta yi mata zaman jego. Ta saurare ni har na gama, ta ce in sha Allahu ta daina. Na kai bakin ƙofa ina sa takalmi sai ta biyo ni, ta rage murya ta ce, “Yaya, to wai mene ne sunan nata?”