Usta Sabri da Tabarau Irin na Masunta

Usta Sabri, Usta kuwa haka muke kiran gwanin sana'a, ya haura shekara talatin yana tuƙa tasi a birnin Iskandariya, kuma duk tsawon lokacin nan bai taɓa buƙatar duban allurorin gaban motarsa ba. Allurar gudun tsohuwar motar ta mutu tun 'ya'yansa suna firamare. Ta mai kuwa kullum a tsakiya take, ko an cika tanki ko an kwana babu ɗigo. Da kunne yake tuƙi. In injin ya yi tari iri kaza ya san mai ne, in ya yi iri kaza ya san ruwa ne, in ya yi shiru gaba ɗaya sai ya roƙi fasinjoji su sauka su tura.

A unguwarmu ta Bahari an san shi da kaifin ido. Tun daga nesa yake hango mai niyyar ɗaga hannu, kafin shi mai hannun ya gama shawara. Ganin kusa ne ya fara ba shi kunya bayan ya wuce sittin. In an ba shi jarida a shagon shayi sai ya miƙe hannu da ita kamar mai tsoron ta cije shi, ya ɗan jima, sannan ya ajiye ya ce ai duk ƙarya ce a ciki.

Babban ɗansa Hazim yana aiki a Kuwait. Shi ya matsa aka sayar da tsohuwar motar aka sayo sabuwa, amma ya ɗora sharaɗi ta waya, a kan kunnen uwarsa.

"Baba, mota taka ce. Sai dai ranar da idonka ya gaza, makulli ya koma hannun mijin ƙanwata. Kai ka zauna gida ka huta."

Usta Sabri ya amsa da to, don yana son motar. Amma ya san abin da ake kira hutu a layinmu: mutum ya zauna a baranda cikin rigar barci yana zura wa mai burodi kwando da igiya, yana tambayar masu wucewa ƙarfe nawa. Ya ga mazan da suka fi shi ƙarfi sun shiga wannan hutun, ba su fito ba.

Sabuwar motar ba ta da allura ko ɗaya. Allo ne mai haske a bayan sitiyari, wani kuma a tsakiya, gudu da mai da taswira duk a rubuce. Ranar da ta iso aka raba lemo a layi, kowa ya zo da abin sa albarka. Rayyis Gabir, mai jirgin kamun kifi, abokinsa tun ƙuruciya, ya kawo masa baƙin tabarau.

A Bahari namiji ba ya sanya tabarau sai irin na masunta, wanda ke kashe ƙyallin ruwa har ka hango kifi a ƙasa. Sauran duk na 'yan makaranta ne da angwaye. Kuma direban da ke bin titin bakin teku da la'asar, rana ta sama da ranar cikin ruwa suna haɗuwa a fuskarsa, ba zai raina wannan kyauta ba.

Ya sanya, ya tayar da mota, ya dubi titi ya ga komai tas. Ya sauke ido kan allo ya ga baƙi ƙirin.

Ya cire tabarau, allon ya dawo, amma rubutun ya zama kamar tururuwa a cikin madara. Ya mayar, duhu. Bai zargi tabarau ba, don kyautar Rayyis Gabir ce, kuma yana ganin samari cikin baƙin gilashi suna latsa waya ba tare da damuwa ba. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa idon ne ya kai inda Hazim ya faɗa. Ya kama bakinsa.

Wata rana, yana ƙoƙarin sosa kunne da kafaɗa, ya karkatar da kai, sai allon ya haska. Ya miƙe wuya, ya mutu. Ya sake karkatawa, ya dawo. Tun daga nan ya samu dabara. Duk lokacin da yake son sanin gudu sai ya kwantar da kai a kafaɗar dama, ya ƙanƙance ido, ya kama manyan lambobin, ƙananan kuma ya bar wa Allah.

Fasinjoji suka yi ta fassara. Wasu suka ce karatun da ke rediyo ne yake ratsa shi. Wata tsohuwa ta rubuta masa sunan man zafi. Wani ma'aikacin banki ya ɗauka barci ne, ya yi ta jan sa da hirar ƙwallo tun daga tashar jirgin ƙasa har gida. In mai zama gaba matashi ne, Usta Sabri yakan ce, "Ɗana, bari in gwada karatun zamaninku. Me aka rubuta a can ƙasa?"

Ranar da asirin ya tonu matarsa ya ɗauko, Ummu Hazim, da tiren gasasshen kifi za ta kai wa 'yarsu. A tsakiyar titin bakin teku motar ta ja numfashi ta tsaya. Sabuwar mota ba ta tari kafin mai ya ƙare, a rubuce take faɗa.

"Abu Hazim, tun daga gida fa jan rubutun nan yake ƙiftawa."

"Me ya hana ki magana?"

"Na ɗauka ado ne. Kai da kake ta kwantar masa da kai, ba ka gani ba?"

Ya buɗe ƙofa ya fita neman mai. Ita kuwa ta riƙe tirenta a cinya har aka samo mai a galan. Amma labarin ya kai kunnen Hazim, da ya zo hutu a ƙarshen watan, ya nemi uban ya kai shi wani wuri, ya zauna gaba, bai kalli titi ba ko sau ɗaya. Da suka dawo ƙofar gida ya zare makullin ya sa a aljihu.

"Gobe za mu ga Madam Terez. Abin da ta ce shi ke nan."

"Yau ni za a kai wa mace ta auna? Ni na koya maka rarrabe jan wuta da kore."

"Shi ya sa nake so ka ci gaba da rarrabewa, Baba."

Madam Terez tana da shagon tabarau kusa da tashar Ramli, ta gaji sana'ar daga mahaifinta, kuma rabin tsofaffin garin ta hanyarta suke ganin jikokinsu. Ta zaunar da shi, ta nuna masa haruffan bango, ya karanta har layin ƙarshe, ya ƙara mata da sunan maɗaba'ar da ta buga takardar. Ta miƙa masa kati mai ƙananan haruffa a hannu, ya miƙe hannun har ya kusa taɓa hancin Hazim.

"Usta, hannunka ne ya yi gajere, ba wani abu ba," in ji ta. "Ina tabaran da kake tuƙi da shi?"

Ya fito da shi daga aljihu a hankali. Ta ɗora shi a kan wayarta mai haske, ta juya shi kaɗan kaɗan, wayar ta yi duhu, ta sake juyawa ta haska.

"Kifi kake nema a cikin motar?"

"Kyauta ce."

"Na sani. Ku mutanen Bahari duk wanda ya sayi sabuwar mota sai ya zo mini yana salati. Wannan gilashin aikinsa kashe ƙyalli, shi kuwa hasken allo a wurinsa ƙyalli ne. Hazim, gwada ka gani."

Suka fita wajen motar. Hazim ya sanya, ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon baƙin allo. Uban ya tsaya a bayansa ya goya hannu.

"To, injiniya, karanta mana. Ko kai ma a kira mijin ƙanwarka?"

Madam Terez ba ta bar shi ya ji daɗin nasarar da yawa ba. Ta ce duhun laifin gilashi ne, amma tururuwar laifin shekaru ce, kuma ita ba ta sayar da maganin shekaru. Ta sa aka fito da firam ɗin gwajin gilasai bakin titi, ta ce ya zauna yadda yake zama in yana aiki, ba yadda ake zama gaban likita ba. Ta auna tazarar idonsa da allon da igiyar awo irin ta tela. Ta yi ta sauya masa gilasai, tana tambaya, yana amsawa kamar ana cire masa haƙori. Mai toka ya ce ya mai da garin makabarta. Mai kore ya ce ya sa masu wucewa sun yi kama da marasa lafiya. Suka tsaya a kan mai ruwan shayi, duhu a sama saboda titi, haske a ƙasa saboda allo, da ƙarin ƙarfi a can gindin don rubutu.

"Wannan ba na akawun kotu ba ne?" in ji Usta Sabri.

"Daga waje ba mai ganewa. Sai in kai ka faɗa."

Hazim yana tsaye da hannu a aljihu. Ya ce, "Baba, layin ƙasa."

Usta Sabri ya sauke ido, wuyansa a miƙe. Ya karanta yawan man da ya rage, ya karanta zafin gari, sannan ya sake duba wani wuri.

"Wai tayar baya ta hagu iskarta ta yi ƙasa. Tun yaushe take faɗan haka?"

"Allah kaɗai ya sani," in ji Madam Terez.

Hazim ya tambaye ta ko idon zai ƙara sauka. Ta ce zai sauka mana, na kowa ma sauka yake, amma wannan da saura, a dai riƙa kawo mata shi duk shekara. Hazim ya dubi uban, ya fito da makullin. Bai ba shi ba sai da sabon tabarau ya fito daga wurin yanka, kuma sai da Usta Sabri ya rantse a gaban Ummu Hazim cewa zai riƙa zuwa awon da ƙafarsa.

Yana nan yana tuƙi. Da yamma yakan biyo shagon shayi ya zauna da mu, ya yi ƙorafin cewa bai taɓa ganin mota mai yawan magana irin wannan ba, ƙofa ba ta rufu ba, ɗaura bel, ruwan goge gilashi ya ƙare. Ba ya bari a taɓa tabaran. In wani ya ce a ba shi ya gwada, sai ya ce na likita ne, yana sa jiri.