Gurbin Mama a Fiyanon Baba

Fiyanon gidanmu na Sabon Gari ya girme ni. Baba ya ɗauko shi daga coci ne lokacin da suka sayi na lantarki, 'yan dako suka turo shi a kura, Mama tana faɗa wai ya cinye mata rabin falo.

Akwai madanni ɗaya a tsakiyarsa wanda wayoyinsa suka tsinke tun muna yara. In Baba ya dawo daga tashar jirgi, inda yake aiki, sai ya zauna ya kaɗa waƙar yabo. Duk sanda yatsansa ya kai wurin, sai ka ji ƙwas, ba sauti. Mama ce take cike gurbin da muryarta daga kicin, ko da tana tuƙa tuwo. Mu kuwa mu yi ta dariya.

Bayan rasuwarta Baba ya rufe fiyanon, ya ɗora masa rediyo. Ya rame, ya daina hira. Na ji tsoro ƙwarai kada shi ma ya bi ta. Ni da ba na iya zama in zuba ido, sai na nemo wani dattijo mai gyara daga wajen shataletalen Bata.

Wayoyin duk sun yi tsatsa. Na ɗauka almakashi zai sa ya datse su mu huta, ashe sassauta su ake yi kaɗan-kaɗan, a bi layi a sake dawowa, don kada ƙarfen ciki ya tsage. Kowace waya sai ta yi wani ɗan kuka kafin ta saki. Baba yana zaune yana kallo. Sai da mutumin ya zo kan guntayen nan da suka tsinke, Baba ya kama hannunsa.

"Malam, sauran duk ka canza. Wannan ka bar min shi haka."

"Baba, ai shi ne ya fi lalacewa!" in ji ni.

Ko kallona bai yi ba.

Ran Lahadi da la'asar, bayan an gama aikin, ina wanke-wanke na ji ya fara waƙar. Sautin ya fito tas, har na tsaya da soso a hannu. Da ya kai wurin, ƙwas, sai ya dakata. Jira yake yi.

Muryata ba ta kai ta Mama ba, amma na ɗaga ta daga kicin. Sai ya ci gaba.