Gaurakin Fadamar Damari

Da na ɗaga murya na kira shi, da ya gan su, ko kuwa da sun tashi kafin ya juyo? Na tsufa da wannan tambaya, har yau ba ni da amsarta.

Maigidana mutum ne mai son tsuntsaye. Yakan ce yana yaro gauraki sun fi kaji yawa a fadamar garinsu. Amma a shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, masu tarko suka yi ta kama su suna kai wa attajiran birni, har ya daina jin kukansu. Da ya ji wani makiyayi a kasuwar Yankara yana cewa guda biyu sun sauka a bayan Damari, sai ya ce in shirya, za mu gaida innata, mu biya ta can. A lokacin ya riga ya sami aikin titi a kudu, tafiya ta matso.

Ya goya ni a keke. Da muka isa, ya zaunar da ni a gindin wata giginya.

"Zauna nan, sarauniya, kada laka ta ɓata maki lalle."

"To Malam, in kada ya kama ka, ni dai ban iya keke ba."

Ya naɗe wando yana dariya, ya kutsa cikin dogayen ciyayi ta gabas, har na koma hango hularsa kawai.

Sai ga gaurakin ta yamma, kusa da ni. Dogayen ƙafafu, farin kunci, tukku ruwan zinariya. Ɗaya ya rusuna wa ɗaya, suka buɗe fukafukai suna tsalle kamar 'yan mata a dandali. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa ƙwala masa kira ba, balle a daji. Kuma ina tsoron in kore su. Na yi ta ɗaga gyale, shi kuwa ya ba ni baya. Suka gama rawarsu suka tashi.

Ya dawo da laka har gwiwa. Na faɗa masa. Ya zauna kusa da ni.

"Ashe ke suka zo gaidawa. To, yaya suka yi?"

Na kwatanta masa da hannu, kunya na kama ni. A hanya ya sa na maimaita, a gida ma haka.

Motar da ta ɗauke shi da sauran ma'aikata zuwa kudu ba ta wuce Funtuwa ba, ta kife. Allah ya jiƙansa. Ni da na kasa kiransa a fadama, ranar da aka kawo gawarsa har maƙwabta sun ji muryata.

Safiyar da zai tafi, ya tsaya a bakin zaure da ƙunshin kayansa, ya waiwayo.

"Ki riƙe mani rawar nan da kyau, kada ki manta. In na dawo za ki sake yi mani."