Tsohuwar Talabijin Ta Ƙwace Min Jika

Jiya da la'asar ina zaune a tabarma, gwiwata ta kumbura kamar kabewa, man zafi a hannu, ina ta ƙwala wa Sadiku kira.

Sadiku jikana ne. Tun rasuwar maigidana Malam shi ke murza min ƙafar nan. Amma tunda ubansa ya kawo mana sola da talabijin nan Kwanyawa, ba shi da aiki sai kallon wani fim mai fassara, wai ɗan shekara sha biyar ne likita, yana ta ba mutane dariya.

Na ja ƙafa na leƙa ɗakin, sai ga shi da hawaye.

Na ce, "Kai angona, wa ya mutu?"

Ya ce, "Iya, wata tsohuwa ce ba lafiya, ba mai kula da ita."

Na ce, "Ita ta goya ka?"

Ya ce, "Don Allah Iya, ba na jin me likita ke cewa."

Tsohuwar ta warke, har da rawa. Ni da kaina na shafa man.

Yau da safe ya zo neman ɗumame, na ce ya je tsohuwar talabijin ta ba shi.

Masu jikoki, ku ma haka akwatin nan ya yi muku?