Rubutun Mai Jinya Bai Ɓace Ba

A ɗakin jira na asibiti, wata mata tana zaune kusa da ni, tabarau ya zame mata zuwa kan hanci, 'yarta na barci a cinyarta. Da yatsa ɗaya take rubutu a waya, ɗaya hannun yana shafa kan yarinyar. Ba leƙe nake ba, amma na gane shafin. Manhajar wallafa rubutu ce ta kyauta da muke ginawa, mu 'yan sa-kai da ba mu taɓa ganin juna ba. Ina jin labarin jinyar take rubuta wa iyaye irinta.

Sai wayar ta mutu. Ta ja tsaki, ta jona caji, ta kunna. Rubutun yana nan, har kalmar da ta bari rabi.

"Kin ga, bai tafi ba," ta raɗa wa mai barcin.

A baya, rubutu kan ɓace idan waya ta mutu. Wani ne ya kawo kukan wannan matsalar, wata ta gyara, ni gwadawa kawai na yi, ina ta mita. Allah ya saka musu da alheri. Na tashi na bar mata kujerar da ke kusa da cajin.