Gilashin Saiti da Hoton Kakana

Shekarun baya, ina ɗan ɗaukar hoto a ƙauyenmu kusa da Tsanyawa, na samu wasu tsofaffin idanun kyamara masu kyau, irin waɗanda da hannu ake murzawa har hoto ya fito tangaram. Matsalar ita ce ɗan gilashin da ke cikin kyamarata, wanda ake leƙawa a ga ko saiti ya yi, ba don su aka yi shi ba. Sai na shiga birni neman wani.

Mai shago ya ajiye min iri biyu. Ɗaya sumul yake, ko'ina ka duba za ka gane saiti. Ɗayan yana da da'ira a tsakiya da aka raba biyu: ka nemi miƙaƙƙen layi, ka murza har rabin sama ya haɗu da na ƙasa. Abokina da ya raka ni, wanda bai taɓa ɗaukar hoton ko akuya ba, ya ce, "Kai, mai da'irar nan ai ko makaho ya saita!" Ni kuma uban 'yan son burga, na sayi mai da'irar.

Ana nan sai gwaggona da aure ya kai Kumasi, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gida, ta aiko tana roƙon hoton mahaifinta, wato kakana. Tsohon malami ne, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Da ƙyar mahaifiyata ta shawo kansa.

"Sau ɗaya ne," ya ce min. "Kuma ba zan katse tilawa don wannan abin naka ba."

Na shiga zaurensa da la'asar. Haske ya yi kaɗan, rabin da'irar ya yi baƙi ƙirin. Fuskar tsoho kuwa ina miƙaƙƙen layi? Ga shi yana karatu yana rangaji gaba da baya, in na saita ya matsa, in na bi shi ya dawo. Gumi ya jiƙe ni sharkaf, takaici kamar in yi kuka.

"Baba, don Allah ɗan tsaya kaɗan."

Ko ɗago kai bai yi ba. Da na rasa yadda zan yi, na saita a gefen Alƙur'anin da ke gabansa, na yi ta dannawa.

A duk hotunan, fuskar ta fito dishi-dishi. Hannunsa kaɗai, da ke kan shafi, ya fito har jijiyoyi. Na koma roƙon ya bari in sake ɗauka, ya ce ai magana ɗaya yake yi. Kafin damina ta gaba Allah ya yi masa rasuwa.

Tun daga nan, kafin in sayi kayan aiki sai na tuna a wane ɗaki zan shiga da shi, kuma wa zan ɗauka. Haushin da'irar nan kuwa har gobe bai sake ni ba.

Haka na aika wa gwaggo ɗaya daga cikin hotunan, ina jin kunya. Da ta gani, sai ta kira ni.

"Fuskarsa ai ina da ita a zuciya," ta ce. "Hannun nan ne na fara mantawa."